Sifilin da Sahabi Ya Sa wa Wurogauri

Sahabi mutumin Gwandu ne, kuma tun yana yaro ba ya iya ganin ran wani ya ɓaci. Ka tambaye shi hanya, sai ya raka ka har ƙofar gida. Halin kirki ne, ba musu, amma kowane allazi da nasa amanu.

Da ya gama karatun ƙididdiga, ya samu aiki a Kalgo, a wata ƙungiya mai raba hatsi ga waɗanda ambaliya ta ci gonakinsu. Shi ke rubuta umarnin da kwamfuta ke bi ta auna asarar kowane ƙauye. Dole a ba ta adadin gonakin da ruwa ya ci, in ba haka ba ta tsaya cak, ta fito da jan rubutu.

Peace, mai shigar da bayanai, kullum jan rubutun nan ke tsayar da ita, shugaba ya yi ta yi mata faɗa.

"Sahabi, abin nan naka zai sa a kore ni," ta ce, idonta cike da ƙwalla.

Ina zai iya jure wannan! Nan take ya gyara: duk inda ba a ba da adadi ba, kwamfuta ta ɗauka sifili ne. Aiki ya tafi sumul, har yabo ya sha.

To, don Allah, wa ke rasa adadi? Ƙauyen da ruwa ya yanke wa hanya, ma'aikata suka kasa shiga mana! Wurogauri ke nan, inda innarsa Kubura take, wadda ta goye shi. Kwamfuta ta ce ko zangarniya ba su rasa ba, motocin hatsi suka nufi wasu garuruwan.

Sai da ruwa ya janye ya gano ɓarnar. Ya cire sifilin, amma ihu bayan hari ne, rumbun ƙungiya wayam.

Ya hau babur ya nufi Wurogauri, zuciyarsa na ƙuna. Ya tarar da Inna Kubura ta rame, gonarta ta zama laka.

"An ce inji ne ya ce ba mu yi asara ba," ta ce. "Kai da ka yi boko, wa ya faɗa mishi haka?"

Sahabi ya sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki, can ta fito da akushin shinkafa.

"Ci, ɗana. Irin baɗi ne, amma ba ka barin gidanga da yunwa."

Ta zauna tana kallonsa har ya cinye.