Kunnen da Inji Ya Ci

Da asuba Baba Kunne yana zaune a bakin gado, ɗan yatsa a kunne yana kaɗawa kamar mai fitar da ruwan wanka. Ba ruwa ba ne. Wani siririn fito ne ya tare a kansa, dare da rana ba ya fita. An kira salla bai ji ba, sai da matarsa ta ja masa babban yatsan ƙafa.

"Malam, yau dai ka gaya musu a wurin aiki," ta ce, ta matso da fuskarta don ya ga bakinta.

"In ce musu mai gadi ya makance? Ke ma kin san amsar."

Aikinsa a juji saurare ne. Akwai injin da ke niƙa kwalabe da robobi, bel na zuba masa shara, shi kuwa Baba yana tsaye a jikinsa. In ƙarfe ya ɓuya a sharar ya shiga, kukan injin kan canza kafin haƙoransa su karye, sai Baba ya danna jan maɓalli. Nan ya samo sunan. Mu direbobi da masu tsince mukan cusa auduga ko tsumma a kunne. Shi an hana shi. Ranar da aka kawo matoshan kunne, irin masu kama da kofi biyu, manaja ya raba wa kowa, da ya zo kansa ya ce, "Baba, kai in ka toshe, wa zai ji mana?" Aka yi dariya, har da shi.

Shekara da shekaru yana nan, motoci na juye kaya a bayansa, katafila na gurnani, kwalabe na fashewa a gabansa. Kunnen dama ya fara tafiya. Ya juya ya miƙa wa injin na hagu, shi ma injin ya soma cinsa. A gida gaisuwarsa sai ka ɗauka faɗa ne. Jikarsa ta daina kawo masa labarin makaranta, ta ce Kaka sai dai ya yi ta gyaɗa kai.

Sai ya koyi dafa injin da tafin hannu, yana karantar rawar ƙarfen. Mun gani, mun ja bakinmu. Mutum mai iyali ne.

Amma hannu ba kunne ba ne. A ranar nan da matarsa ta ce ya gaya musu, kan wani tsohon gatari ya bi bel ya shiga. Duk filin mun ji kukan ya canza. Direban katafila na ta hon, masu tsince na ɗaga hannu, Baba ya ba mu baya yana dafe da injinsa. Kafin hannun ya gaya masa, haƙoran injin sun zube.

Manaja ya zo ya tsaya a bayansa, ya kira shi, ya tafa. Bai waiwayo ba.

"Ai da ya faɗa mana ba ya ji," manaja ya ce mana. "Mu ba ma son cutar da kowa."

Da yamma aka sallame shi, wai don lafiyarsa. Aka haɗa masa da kyautar matoshan kunne, sababbi dal a leda. Ya karɓa ya tafi gida.

Da aka gyara injin, Dogo, ɗaya daga cikin masu tsince, aka ɗora a wurin Baba, don kunnensa garau ne. Ran nan Baba ya dawo kwasar takalmin aikinsa da butarsa. Ya tsaya yana kallon Dogo, sannan ya yage ledar, ya ɗora masa matoshan a ka. Manaja ya leƙo daga ofis yana daka tsawa a cire. Dogo ya kai hannu zai cire, Baba ya buge hannun, ya danne masa su da tafukansa biyu sai da suka zauna daram. Sannan ya ɗauki butarsa ya nufi ƙofa.