Ranar da aka ɗaga alli a ajin Baba Malam

Ban taɓa jin tsoro a cikin aji irin na ranar da aka zo duba ni ba. Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, aka tura ni koyon aikin koyarwa a wata sakandare kusa da barikin Shadawanka. Dokar a fili take: malami ɗaya zai zo daga kwaleji ya kalli darasinka, malamin ajin kuma ya ba da shaida a kanka. In ɗayansu ya kayar da kai, sai ka maimaita shekara. Ni kuwa wallahi ba ni da ƙarfin maimaitawa, na gaji liƙis.

Malamin ajin tsoho ne, kowa na kiransa Baba Malam. Yana da doka guda da ya dasa wa yara da bulala: in ana zana giraf a darasin lissafi, a haɗa ɗigo-ɗigon nan duka da layi ɗaya, kar a kuskura a ɗaga hannu. Dokar ta yi masa aiki a kan miƙaƙƙen layi da mai lanƙwasa. Sai ga ni, darasin da ya faɗo mini shi ne lissafi mai sama da ƙasa, wanda x ke zaune a ƙasa.

Mai dubawar ya shigo ya zauna a baya. Baba Malam ya ja kujera kusa da shi, bulala a kan cinya. Na rubuta y = 1/(x − 2), muka fitar da ɗigo huɗu, biyu a hagu ƙarƙashin layin kwance, biyu a dama samansa. Na kira wata yarinya, 'yar wani soja daga kudu, mai ƙoƙari ƙwarai, na ce ta zana. Ta ɗora alli, ta ja shi sumul daga ɗigon farko har na ƙarshe, ta ratsa ta kan x = 2 kamar mai tsallake kwata. Aji ya tafa mata. Baba Malam ya gyaɗa kai.

Innalillahi! In na yi shiru, mai dubawa ya ga na bar kuskure a allo. In na gyara, na ƙaryata tsohon nan a gaban ɗalibansa, alhali shaidarsa nake jira.

Sai na ce wa yarinyar, "In x ya zama biyu, me ya rage a ƙasa?"

"Sifili, Malama."

"Ana raba ɗaya da sifili?"

"Ba a yi."

"To gwada 1.9."

Ta lissafa, ya ba ta goma a ɓangaren ƙasa. Na ce ta gwada 1.99, ya ba ta ɗari. Ta bi allo da yatsa tana sauka har ta tsuguna, allon ya ƙare, lambar ba ta ƙare ba. Muka gwada 2.1 da 2.01, sai ga shi abin ya harba sama. Na ja layin tsaye da ɗigo-ɗigo a kan x = 2, na ce sunansa asimtot, zane yana matsowa kusa da shi amma ba ya hawa kansa. Na nuna musu na kwancen ma, yadda y ke ƙanƙancewa in x ya yi nisa.

"Yanzu sake zanawa," na ce. "In kin zo nan ki ɗaga hannu."

Ta tsaya cak. Ba ni take kallo ba, bulalar take kallo. "Malama, Baba Malam zai duke ni."

Sai na ji ƙarar kujera. Tsohon ya taso, yana tafe a hankali tsakanin bencina. Na riga na ga kaina ina maimaita shekara, na ga fuskar mahaifiyata in na faɗa mata. Ya tsaya gaban allo ya daɗe yana duban lambobin, leɓensa na motsi. Sannan ya sa hannun rigarsa ya goge tsakiyar layin da yarinyar ta ja.

"Ɗaga," ya ce wa yarinyar. "A nan kaɗai."

Ta zana reshe biyu. Ban san yadda na ƙarasa darasin ba.

A bakin ofis mai dubawar ya ce na ci, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Na juya wajen Baba Malam na rusuna. "Baba, ka yi haƙuri, ban yi don in kunyata ka ba."

Ya kaɗe allin da ke hannun rigarsa. "Lissafinki daidai ne, 'yata, kuma haka zan shaida. Amma da kin same ni jiya, da ni zan janye musu dokar da bakina."

Ya cika alkawari, ya ba da shaida mai kyau. Amma washegari aka ɗauke ni daga ajinsa aka kai ni aji ɗaya na ƙananan yara, kuma har na bar makarantar ban sake taka ajinsa ba.