Mayar da Shi Buta

Duk baƙon da ya sauka Tasawa ya tambaye ni inda ake shan shayin la'asar, nakan yi jim kafin in amsa. Ba wai wuraren sun yi ƙaranci ba. Akwai masu tebur a bakin tasha, da burodinsu da madarar gwangwani. Akwai fadar samari a kusan kowace kwana, kowace da butarta da gardamar ƙwallonta. Nakan nuna masa ɗaya daga ciki in wuce. Amma wurin da bakina ke son faɗa gindin itacen bedi ne a ƙofar gidanmu, kuma mai zuba shayin, Babana, ya riga mu gidan gaskiya.

Kakannin Baba daga arewa suka gangaro da raƙumansu, suka zauna, suka koyi noman hatsi. Shi kansa bai gaji ko raƙumi ɗaya ba. Abin da ya gada buta ce ƙarama shuɗiya, da finjalai, da ɗan murhun waya da ake zuba wa gawayi. Da an idar da la'asar zai gyara rawaninsa, ya shimfiɗa tabarma a inuwar bedin, ya hura wuta. Daga nan duniya ta daina sauri. Ganyen kan daɗe yana dahuwa har ka manta da shi. Sai ya sa sukari, ya ɗaga butar sama da kansa, shayin ya sauko siriri kamar zare ya faɗa cikin finjali ba tare da ɗigo ɗaya ya kauce ba. Ya juye daga wannan finjali zuwa wancan har kumfa ta hau. Ya kurɓa kaɗan, ya mayar cikin buta. Mai gaggawa bai taɓa jin daɗin Baba ba.

Shayin hawa uku ne, kuma wanda ya karɓi na farko ba ya tashi sai ya sha na uku. Ba wanda ya taɓa faɗar haka da baki, amma kowa ya sani. Shi ya sa limamin unguwarmu, da tela, da wani tsohon direba, da duk wanda ƙafa ta kawo, sukan zauna har rana ta yi ja.

Ni malamar lakkwal ce, makarantar boko, a Mayahi, hutun damina nake zuwa gida. Nakan kwanta a zaure, ƙasa da sanyi, ƙofa a buɗe, ina jin su sama-sama. Ƙarar zubar shayin takan shigo mini cikin barci, ta haɗu da kukan kurciya da ƙamshin gawayi da na ƙasar da ta sha ruwa. Baba yana ba da labarin rijiyoyi masu zurfi da ayarin gishiri da tuddan rairayi, wuraren da na tabbata bai taɓa takawa ba, daga bakin kakansa ya ji. Amma yana faɗa kamar jiya ya dawo. Ni ma sai in ga kaina a can, ina tafiya ba takalmi, har tela ya yi dariya in farka in ga rufin zaurenmu. Ban san wani daɗi da ya kai wannan ba, har yau.

Akwai kuma aminin Baba, wani manomi daga Maijirgi da muke ce wa Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Da amalanken jaki yake shigowa gari. Yana kiran Baba mai raƙumi, Baba na kiransa mai jaki, kuma tun kafin a haife ni suke wannan tsokana ba su gaji ba. Kawu ya sha shayin Baba fiye da kowa, bai taɓa yabawa ba, bai kuma taɓa taɓa butar ba. Da damina ta sauka sai gona ta riƙe shi, ba a ganinsa sai hatsi ya nuna.

A wata damina irin wannan hannun Baba ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, yana ɓoye shi cikin riga. Rannan ya ɗaga buta kamar kullum, sai zaren shayin ya karkace ya sauka a kan farar rigar liman. Liman ya ce ba komai, ya ma yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ajiye butar a hankali, ya daɗe yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka ara masa.

Yayana, wanda ke aikin buro, wato ofis, a Maradi, ya ji labari ya zo. Mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin matsala su bar ta ta kwana. Ya sauke wani ƙaton tarmos mai furanni, irin wanda ke riƙe zafi tun safe har dare, da kwalin shayi mai zare.

"Bon, Baba, wahala ta ƙare," in ji shi. "Inna ta dahwa cikin gida, a cika wanga, kowa ya zo a zuba mai. Ba gawayi, ba ƙuna. Kai dai ka zamna ka huta."

Baba ya sa masa albarka. Mu duka muka ga dabara ce mai kyau, har Inna ta ce ɗan boko ya yi rana.

Shayin tarmos ba shi da laifi. Da zafinsa, da zaƙinsa. Liman zai zo a zuba masa, ya shanye, ya juya kofi a hannu, ya dubi tela, tela ya dubi direba. Babu abin jira. Ba wuta da za a kalla, ba na biyu da ke tafe. Sai wani ya tuna yana da ɗinki, wani ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba, su yi godiya su tashi. Baba zai fara labarin ayarin gishiri, kafin raƙuman su bar rijiyar farko tabarma ta zama wayam. Ba wanda ya guje shi. Dalilin zama ne aka ɗauke musu, mu kuma muka ɗauke shi da hannunmu muna murna.

Sannu a hankali Baba ya daina naɗa rawani da la'asar. Daga baya ya daina fita. Yakan dawo masallaci ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Ni kuma ina zaure, barcin ya ƙi zuwa, sai kukan kurciya kaɗai. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na ga za mu rasa shi alhali yana numfashi, ga hutuna ya kusa ƙarewa, ban san me zan tarar ba in na sake dawowa.

Sai ga Kawu, hatsi ya nuna. Na ji ƙarar amalanke, na leƙa, na gan shi yana ɗaure jaki a jikin bedin yana waige-waige.

"Ke ɗiyata, ina mai raƙumi? Ina tabarma?"

Na gaishe shi, na shimfiɗa masa, na faɗa masa abin da ya faru. Sannan na kawo tarmos. Ya dube shi sama da ƙasa.

"Mi ne ne wanga? Wa ya haihu gidan nan? Ai wanga na mai jego ne! Tahi ki ɗauko mini buta."

"Kawu, ka iya?"

"Shekara nawa ina kallo? Jakina ma da ya samu buta da ya dahwa."

Na kawo buta da murhu da finjalai. Hannun Kawu hannun hauya ne, yatsunsa sun fi bakin finjali kauri. Ya zuba ganye kamar mai ba doki harawa, yana yi yana ɗaga murya da gangan, yana ƙwanƙwasa murfin butar. Ba a daɗe ba na ji takun Baba a bayana. Ya tsaya a bakin zaure ba rawani, fuska a ɗaure.

"Mai jaki, kashe mini buta za ka yi? Rage ganyen nan."

"In ka iya zo ka rage."

Baba ya zo ya zauna, ya tura hannayensa cikin riga. Kawu bai ko dube su ba. Ya ɗauki mafici ya jefa masa a cinya.

"Riƙe nan. Tunda hannun ya ƙi zama wuri guda, sai ya yi muna aiki."

Na ɗauke numfashi. Ba wanda ya isa ya faɗa wa Baba haka a duniya sai shi. Baba ya dube shi, ya dubi maficin, sai ya ciro hannu ya ɗauka. Ya kai shi bakin murhu, hannun na rawarsa, maficin na kaɗawa, gawayin ya yi jajir. Na ga kafaɗar Baba na motsi, ashe dariya yake.

Zubawar Kawu abin tausayi ce. Baba na cewa, "Ɗaga hannu! Ƙara ɗagawa! Kai, ba ban ruwan albasa ba ne!" Rabi a finjali, rabi a tabarma. Ya miƙa wa Baba ɗan kaɗan, Baba ya tallafe da hannu biyu ya kurɓa.

"Bai yi ba. Mayar da shi buta."

Ƙamshin gawayi ya kai wa tela, ya bar kekensa ya zo. Direba ya zo. Liman ya zo, ya zauna nesa da Kawu yana tattare riga. Aka sha na farko da ƙyar, aka ɗora na biyu. Na koma zaure na jingina da bango. Hadari na haɗuwa can gabas ba ya gaggawa, inuwar bedin na jan jiki zuwa bangon maƙwabta, muryar Baba ta kama hanyar arewa. Wannan karon raƙuman suka wuce rijiyar farko, suka wuce ta biyu. Na lumshe ido na bi su.

Na uku ne ya ƙi ƙarewa. Kawu ya zuba, Baba ya kurɓa ya ce a mayar. Ya sake zubawa, aka sake mayarwa. Kawu ya fara rantse-rantse.

"Wallahi mai raƙumi zalunci kake! Wanga ya yi!"

"To bari a samu alƙali," in ji Baba. Ya waigo wajen zaure. "Ɗiyata, zo ɗanɗana ki gaya ma mai jaki gaskiya."

Na durƙusa na karɓi finjalin na kurɓa. Shayin ya yi. Zaƙinsa daidai, ɗacinsa ya kwanta, har da ƴar kumfa a sama. Da a ce ido rufe aka ba ni, da na ce Baba ne ya dafa. Na ɗago zan faɗa, sai na ga Baba yana kallona, maficin na rawa a hannunsa. Ya ɗan karkata ido wajen bango, inda sauran rana ta rage, ya dubi mutanen da ke zaune a tabarmarsa, ya sake dubana. Idona ya cika da ƙwalla.

"Kawu," na ce, "bai yi ba. Mayar da shi buta."

Kawu ya ce gidanmu duk azzalumai ne, tun daga uba har ɗiya. Ya buɗe murfi ya juye shayin a ciki, ya mayar da butar kan wuta, Baba ya ci gaba da fifita. Ba wanda ya tashi.