Aljihu a Gadon Baya

Na'ima Sanda ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce ba. Maƙwabciyata ce a unguwar Handsworth ta Birmingham, bango ɗaya ya raba mu, kuma in ta shigo gidana sai ta gyara min labule kafin ta zauna. Tun ina jin haushi har na saba.

A cikin birnin Zariya aka haife ta, a gidan da mata ke ɗinkin hannu na manyan riguna. Tana 'yar shekara tara mahaifiyarta ta damƙa mata allura, kafin ta gama sakandare ta iya fitar da aska takwas, wato zanen nan mai tsini takwas da ake yi a kan aljihun babbar riga. Aure ne ya kawo ta Manchester, inda mijinta Abdulhafiz ya zo karatu. Shekara shida suka yi a wani matsattsen gida a Hulme, ta haifi yara uku, allura ta shige ƙasan akwati. Da ya sami aikin akanta a Birmingham suka tattaro suka dawo kusa da ni.

Bara, da autanta ya shiga makaranta, ta ce zaman gida ya ishe ta. Ta nemi aiki a wurare sun fi ashirin, ɗaya ne tak ya kira ta, wani ƙaramin gidan adana kayan tarihi. Aikin tsayuwa ne a zaure, ta hana yara guje-guje, ta hana manya taɓa kaya. Gwajin wata uku aka ba ta. Ban taɓa ganin mutum ya so aiki haka ba, kayan da take sawa a wurin aikin ma sau biyu take goge su. Sai dai bakinta ba ya shiru. A sati na biyar shugabansu, Mista Holroyd, ya ba ta gargaɗi a rubuce, don ta bar ƙofa ta tafi tana yi wa wasu baƙi bayanin yadda ake fafe ƙwarya. Ya ce in ta sake barin wurin tsayuwarta, aiki ya ƙare.

Ana cikin haka aka shirya baje kolin tufafin fada na ƙasashe daban-daban. Yawancin kayan an aro su ne daga wani tsohon gidan sarauta da aka mayar gidan tarihi a birnin Chiang Mai na ƙasar Thailand, kuma wata ma'aikaciyarsu mai suna Kanyarat ta biyo su. 'Yar siririya ce, maganarta ƙasa-ƙasa, ba ta yarda a ajiye zanen siliki ko ɗaya a ƙasa. Na'ima ta yanke mata suna zuwa Kanya, ta kuma gaya mata ɗan itace ne mai zaƙi da yara ke tsinta a wajenmu. Tun ranar suke cin abincin rana tare.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu a buɗe, Na'ima ta shiga zauren ta tarar an fito da wata tsohuwar rigar saƙi ta ƙasar Hausa daga ma'ajiyar gidan, an sa wa mutum-mutumi. Ɗinkin zaren tsamiya ne, mai kyan gaske. Amma an juya ta. Bayan rigar ne ke kallon jama'a, aljihun da askokinsa takwas suna can a gadon baya suna kallon bango.

Ta sami Mista Holroyd ta gaya masa cikin ladabi. Ya ɗauko wani tsohon hoto da Baturen da ya kawo rigar ya ɗauka, ya ce shekara tamanin ke nan haka ake nuna ta.

"To shekara tamanin ke nan tana tafiya da baya," in ji Na'ima.

Bai yi dariya ba. Ya tuna mata cewa ba aikinta ba ne.

Da yamma ta shigo wurina tana huci. Ni kuwa, gaskiya, matsoraciya ce, kuma ban ɓoye mata ba.

"Na'ima, kwana huɗu ya rage miki ki gama gwajin nan na probation," na ce. "Ki ja bakinki ki yi shiru. Riga ce fa, ba mutum ba."

"Fauziyya, ni na gayyato matan Islamiyya. 'Yan Manchester ma sun yi booking ɗin babbar bas. Su zo su same ni tsaye kusa da ita da uniform, kamar ban san gaba da baya ba?"

"In aka kore ki fa?"

Ta gyara min matashin kujera. Na san tana jin tsoro, don ko shayin da na zuba mata ba ta taɓa ba.

Washegari Juma'a ce, kuma Abdulhafiz ba ya zuwa masallaci sai da babbar riga, ko ana zabga ruwa. Ta buga masa waya ta ce ya biyo bayan an idar da salla. Da ya iso, ta bar ƙofarta da gangan, ta shigo da shi har gaban mutum-mutumin, inda Mista Holroyd da Kanyarat ke duba fitilu.

"Baban Shifa, sa hannu a aljihu," ta ce.

Bawan Allah ya sa hannun dama a ƙirji ya zaro makullin mota.

"Yanzu juya rigar, kamar waccan."

"Haba Na'ima, a gaban mutane?"

"Please."

Ya juya ta. Babban akanta guda, ga furfura ta fara fitowa, ya dinga miƙa hannu baya yana lalube yana zagaya kansa, aljihu ya ƙi kamuwa. Wani mai gyaran lantarki ya fashe da dariya daga kan tsani.

Kanyarat ba ta yi dariya ba. Ta matsa kusa da tsohuwar rigar ta dube ta da kyau, sannan ta ce wa Mista Holroyd a garinsu gawa ake sa wa tufafi ta baya. Ta ce ba za ta ji daɗin kayan fadarsu su zauna ɗaki ɗaya da rigar da aka yi wa haka ba. A hankali ta faɗa, amma kowa ya ji.

Kunnuwan Mista Holroyd suka yi ja. Ya daɗe yana kallon hoton nan nasa. Daga baya ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko farar safar hannu, wadda sai ƙwararru ke sawa, ya miƙa wa Na'ima. Ita da Kanyarat suka ɗaga rigar suka juya ta. Na'ima ta naɗe hannuwan a kan kafaɗa yadda maza ke yi, ta ja baya ta duba, ta sake gyara na hagu.

Ranar Asabar na je. Zaure ya cika, mutanenmu suna tsayawa gaban rigar suna yaba ɗinki suna wucewa. Ba wanda ya san an yi wani abu.

Litinin da safe Mista Holroyd ya kira ta ofis. Ta ce min ta ɗauka kora ce, don ta san ta karya sharaɗi. Ya ce ta bar ƙofa minti arba'in, kuma dole ya rubuta. Ya rubuta. Sannan ya ce aiki nata ne, gwaji ya ƙare, kuma akwai riguna goma sha ɗaya a ma'ajiya da yake so ta duba. Ya jawo takardar da ta cike lokacin neman aiki, ya nuna mata gurbin ƙwarewa da ta bari ba komai.

"A wace jami'a kika koyi wannan?" ya tambaye ta.

"A ɗakin mahaifiyata."

"Me ya sa ba ki rubuta ba?"

"Ban san abin rubutawa ba ne."

Ya tura mata biro. Ta ce min ta rubuta shekara tara na ɗinkin hannu, ta zo kan layin sunan malami, ta rubuta Inna Habi, Zariya. A nan ne hawaye ya zubo mata, har ta nemi ya ba ta wata takardar ta sake cikewa.