Sanaubar, mai duba ƙafafun tsofaffi

Da sanyi ya shigo kwarinmu, Sanaubar ba ta jiran rana ta fito. Jaka a kafaɗa, gida-gida take bi cikin dusar ƙanƙara. Kafin a gama gaisuwa ta yaye bargon sandali, teburin nan da muke cusa ƙafafu a ƙarƙashinsa don ɗumin garwashi.

"Bobo, fito da su in gani." Bobo shi ne kaka a yarenmu.

Ita ce ma'aikaciyar jinyar ƙauyenmu tun gashinta yana baƙi. Ita ta fahimtar da mu cewa ciwon suga yana kashe jin ƙafa, har mutum ya gasu bai sani ba. Ni shaida ne. Ni Daulatsha, da yaƙi ya kasa ci, da ƙanƙara ta zubo daga dutse ta binne ni na tono kaina, garwashi ya cinye mini yatsu biyu ina zaune ina kurɓar shayi.

Takardun asibiti ba su amfane mu ba, mu da ba mu shiga aji ba. Sai ta ce hannu ya riga ƙafa shiga ƙarƙashin bargo. Wajen alwala kuma kowa ya leƙa tafin ƙafar na kusa da shi. Yanzu har liman miƙo tasa yake yi.

Maƙwabcina Kurbanali ne ya ƙi. "Ni in cire safa a gaban sa'ar 'yar cikina? Ki je ki duba wancan gurgun!" Da ni yake.

Sanaubar ta nemi wuri ta zauna. Matarsa ta kawo shayi da gurasa, ko kallo ba ta yi ba.

"Sha mana, 'yata, kada ki kunyata ni," in ji Kurbanali.

"Amak," wato baffa, "safa tukuna."

Shayi ya huce, aka sake wani, shi ma ya huce. Unguwa ta ɗauka cewa baƙuwa ta ƙi gurasar Kurbanali. Da kunya ta ishe shi ya cire, sai ga gyambo a diddige, gefensa ya fara baƙi.

Tun ranar kullum take wanke masa. Likitan garin Garm ya ce in baƙin ya haura, yanke ƙafar za a yi. Ga shi Sanaubar ta yi ritaya, gwiwoyinta sun gaza, ɗanta zai tafi da ita birnin Dushanbe kafin ƙanƙara ta toshe hanya. Wadda za ta gaje ta kuwa, har yau shiru.

Sanaubar, ke ce kika durƙusa gaban ƙafafun da 'ya'yanmu ma suke ƙyama. Ke ce uwar tsofaffi. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. 'Yan matan kwarin nan, ku zo ku koya tun tana nan.

Matar Kurbanali ba ta gani sosai, don haka jiya Sanaubar ta damƙa mini auduga da bandeji, na wanke tana kallo. Daga jibi ni kaɗai ne.

"Daulatsha," in ji Kurbanali, murya ƙasa-ƙasa, "in ka ga baƙin ya motsa, kada ka ɓoye mini."

Na ce masa duk kwarin nan babu mai ido irin nawa. Allah ya sa in ya motsa in gani.