Tarwaɗar Rijiyarmu

Ranar Juma'ar farko bayan an sare gero, shekarar da na shiga aji uku, Baba ya goya ni a bayan kekensa daga ƙauyenmu na wajen Ɗankaza zuwa cin kasuwar Wudil. Bakin kogi muka fara sauka, gindin gada, inda masunta ke juye kamunsu, mata na ta suya, ƙamshi ya cika ko'ina. Wani tsohon masunci, abokin Baba, ya ga na ƙura wa wata 'yar tarwaɗa ido, ba ta fi yatsana ba, sai ya jefa mini ita a gwangwanin madara da ɗan ruwa. Ya ce, "Ungo, ɗan Malam. In ka kai ta gida da rai, saka ta a rijiya, ita za ta riƙa cinye muku ƙwari."

Daga nan kasuwa ta zame mini wahala mai daɗi. Ga rake an jingine kamar dannin gida, ga masu tukwane na ƙwanƙwasa randuna don mai saye ya ji amo, ga Fulani na dama fura da nono, amma ni hannuna biyu na kan gwangwani. Ko alewar da Baba ya saya mini, shi ya sa mini a baki. A kara, wajen shanu, aka yi ta. Wani bijimi ya tsinke igiya, jama'a suka watse, ni ma na ranta a na kare, ruwan ya zube kaf. Na leƙa, ga ta tana mutsu-mutsu a gwangwani ba ko ɗigo. Na fashe da kuka. Baba bai yi wata-wata ba, ya kwance butarsa daga jikin keke ya tuttula mata ruwan alwalarsa. "To, ta riga ni alwala," in ji shi, "saura ta riga ni sahun gaba."

Da ranta ta isa gida, kuma ban taɓa murna irin ta ranar ba. Shekaru ta yi a rijiyarmu har ta yi jiki, duk wanda ya zura guga sai ta fantsala ruwa. Innata kan tsokane ni da zancen romo, ni kuwa in yi kicin-kicin.

Yanzu a Wudil tarwaɗar kiwo baho-baho ake saukewa bakin titi, ƙauyenmu kuma ya samu burtsatse, ruwa tas. Ina makarantar kwana aka rufe rijiyar da siminti. Har yau ban iya tambayar ko an fito da ita ba.