Ɗiyar Fasto Ba Ta Son Tafiya

Wani fasto Bature da iyalinsa sun yi maƙwabtaka da mu a Tahoua. Ɗiyarsu kusan a gidanmu ta girma, tana shan fura da 'ya'yana. Da tsaro ya taɓarɓare, aka umarce su su koma ƙasarsu.

Ranar tafiya yarinyar ta riƙe mini riga. "Kawu, nan anka haihe ni. Ka ce ma Baba shi bar ni wurinku. Kai ka yi lakkol, ka san boko, zai ji maganarka."

Na sami uban yana kulle ƙofar majami'arsa. Maimakon in yi masa maganar, kaya kawai na taya shi ɗauka. Wataƙila maganar ba ta da amfani, ban sani ba. Yarinyar tana kallona ta gilashin mota har suka sha kwana.